Takardar bin bashi ta iso gidanka da sunan wanda ya tashi: ga yadda za ka yi

Gidan haya a Sakkwato ba ya daɗewa a hannun mutum ɗaya. Ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki zuwa Gusau ko Birnin Kebbi, malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya samu gida a cikin makaranta, ɗan kasuwa ya gama gininsa a Bado ya bar na Mabera. Mai tashi yakan kwashe kayansa har tsintsiya, amma adireshin gidan yana nan a fom ɗin da ya cike wa banki shekaru uku da suka wuce. Shi ya sa bayan ka tare, wata rana ɗan kabu-kabu zai yi sallama ya miƙo ambulan mai sunan wanda ba ka taɓa gani ba.

Kafin komai, ka rarrabe irin bashin, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda ke wuyan mutum: rancen banki, na ƙananan bankunan rance, na ƙungiyar gama kai, kuɗin kayan da aka ɗauka a biya da kaɗan-kaɗan. Akwai kuma wanda aka rubuta da lambar gidan ko ta mita: kuɗin wuta, na ruwa, harajin fili, da jinginar gidan kansa. Na farko ba ruwanka da shi ko kusa. Na biyu shi ne mai buƙatar zirga-zirga.

Bashin da ke wuyan mutum

A shari'ar Musulunci da dokar Najeriya duka, bashi na wanda ya ci ne, sai kuma wanda ya tsaya masa ya sa hannu. Zama a ɗakin da ya kwana ba ya mai da kai mai lamuni. Bankuna ma da lambar BVN suke bin mutum. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun mai bashin a wani bankin. Kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, su ma da suna da BVN suke rubutawa. Don haka takardar da ta zo ƙofarka ba za ta ɓata maka suna a banki ba.

Idan ambulan a rufe yake, kar ka buɗe. Sirrin wani ne. Ka rubuta a bayansa cewa mai sunan ya tashi daga gidan, ka sa kwanan wata, ka ɗauki hotonsa da waya, sannan ka mayar wa wanda ya kawo. In ta gidan waya ta zo, ka kai ta ofishin NIPOST su mayar wa mai ita. In yara sun riga sun yage ambulan ɗin, ba abin tashin hankali ba ne, ka haɗa ka mayar haka nan.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen sa hannu. Ɗan aike yana zuwa da littafi ko kwafin takardar, ya ce a sa masa hannu don ya nuna wa ofis ya isar. Da zarar wani a gidan ya sa hannu ba tare da bayani ba, a fayil ɗinsu za a rubuta cewa an karɓa, wato mai bashin yana nan, kuma takardu za su ci gaba da zuwa. Ka faɗa wa uwargida da yara da mai gadi cewa ba a karɓar takardar da ba sunan ɗan gida a kai, a ce a dawo in maigida yana nan.

In ta sake zuwa karo na biyu, magana da baki ta ƙare. Ka rubuta wa reshen bankin da ya aiko takarda gajera: sunanka, adireshin gidan, ranar da ka tare, cewa wane ba ya zaune a nan kuma babu wata hulɗar kuɗi tsakaninku, da roƙon a cire adireshin daga fayil ɗinsa. Layi biyar ya isa. Ka haɗa da kwafin rasidin haya ko takardar yarjejeniyarku da mai gida. Ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne makaminka nan gaba. Ba sa buƙatar BVN ɗinka ko lambar NIN, kar ka bayar. In banki ya yi kunnen uwar shegu, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki yana karɓar koke, amma zai fara tambayarka shaidar cewa ka kai wa bankin kuka tukuna. Masu ba da rance ta manhajar waya kuwa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ce ke sa musu ido.

Kar ka biya ko naira ɗaya don a bar ka ka huta. Wasu kan ba ɗan aike dubu biyu ko biyar don kunyar maƙwabta. Ranar da sunanka ya hau rasidinsu, ka buɗe ƙofar a ce ka amsa za ka biya, kuma sun gane gidan nan ana samu.

Su kuma masu bin bashin ba abokan gaba ba ne, haƙƙinsu suke nema, bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. Ba dole ba ne ka zama ɗan rakiyarsu, amma kar ka yi ƙarya don rufa wa wani asiri. Ka tura su wurin mai gidan ko dillalin da ya ba da hayar. In kana da lambar mutumin, ya fi kyau ka kira shi da kanka ka ce ana nemansa. In kuwa ya rasu, sai a sanar da magadansa, domin daga dukiyar mamaci ake fitar da bashi kafin a raba gado.

In aka fara barazana da 'yan sanda, ka san cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kamu a kan rikicin bashi zalla wanda babu laifi a ciki. Ka kira mai unguwa, shi ne shaidar da ta fi kowace sauƙin samu kan wanda ya tashi da wanda ya shigo.

Sammaci daban yake

Takardar kotu ba a jefa ta kan firij a manta. Idan ba a samu wanda ake ƙara ba, kotu na iya ba da izinin a liƙa sammaci a gidan da aka san shi da shi na ƙarshe. In bai je ba aka yanke hukunci a bayan idonsa, ma'aikatan kotu za su iya zuwa wannan gidan su rubuta kayan da suka tarar, alhali naka ne. Doka ta ba ka damar ka nemi a sake maka kayanka, amma sai ka kawo hujja, ka ɓata kwanaki, wani lokaci ka ɗauki lauya. Maganin wannan tun da wuri ne: ka duba sunan kotun da lambar ƙarar a saman takardar, ko kotun shari'ar Musulunci ce ko ta majistare, ka je wurin rijistara kafin ranar zama, ka miƙa takardar bayani da kwafin rasidin haya, a saka a fayil. Rasidan manyan kaya kamar firij, janareta da babur, ka adana su wuri ɗaya.

Wuta, ruwa da fili

Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, tare da Kaduna da Kabi da Zamfara. Asusun wuta da lambar gida yake tafiya, shi ya sa bashin wanda ya tashi yake fitowa a bil ɗinka. A mita mai kati ma yana faruwa: ka sayi wutar dubu biyar a ba ka ta ƙasa da haka, saboda an ɗora tsohon bashi a kan mitar ana cira daga kowace saye. Ka duba rasidin katin da kyau, akwai layin da ke nuna abin da aka cire.

Matsayin hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki, shi ne ba a ɗora wa sabon mai haya bashin wanda ya gabace shi. Sai dai kamfani ba zai san an yi canji ba in ba ka gaya masa ba. Ka rubuta wa sashen karɓar koke na ofishin da ke kula da unguwarku, da lambar mita ko ta asusu, da ranar tarewarka, da hoton abin da mita ke nunawa a ranar, ka nemi a raba tsohon bashin da naka. Ƙa'ida ta ba su kwanakin aiki 15 su warware koke. In suka wuce, sai ka ɗaga zuwa ofishin sauraron koke na NERC, da kwafinka mai hatimi. Kana cikin wannan ka ci gaba da biyan abin da kai ka sha kowane wata, domin in ka daina gaba ɗaya ka ba su hujjar yanke maka wuta. Haka za ka yi da hukumar ruwa ta jiha in gidan yana da famfon gwamnati.

Wanda bai kama gida ba tukuna ya fi kowa sa'a. Kafin ka ba dillali kuɗi, ka nemi bil na ƙarshe, ko ka sayi katin dubu ɗaya a mitar ka ga nawa zai shigo. In akwai bashi, a rubuta a yarjejeniya cewa mai gida zai biya, ko a cire daga kuɗin haya, da shaidu biyu.

In sayen gidan ka yi, takardar da ta ambaci jingina ko lambar takardar mallaka ba ta mayarwa ba ce. Tana iya nufin an karɓi rance an ajiye gidan kansa a banki, kuma wannan haƙƙin yana bin gidan duk hannun da ya koma. Ka ɗauki wannan takarda tare da ta cinikinku ka je wurin lauya a makon nan, shi kuma ya bincika fayil ɗin gidan a Ma'aikatar Filaye, ya ga ko an yi wa jinginar rajista da kuma ko akwai harajin filin da ya taru.