Yadda zaka saki yaro ya dinga tafiya makaranta da ƙafarsa

Mu nan ƙauyukan Ringim da Taura waye yake da lokacin raka yaro makaranta kullum, gari na wayewa maigida ya yi gona, uwa kuma tana cikin gida. Amma abin da ke damuna, yaron da ake aika ya kai niƙa, ya kora awaki har bakin fadama, wai ranar da aka ce ya tafi firamare sai kaji ana cewa ai bai yi wayo ba a bari sai baɗi. Wallahi ya yi wayo. Shekara 6 ake shiga aji ɗaya, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko dole ne, kyauta ne. Hanya kawai za a koya masa.

Satin farko kai da kanka zaka taka da shi, kar ka ɗauke shi a mashin, a ƙafa, don ya riƙe alamomi, ga tsamiya, ga borehol, ga masallacin da ake karya kwana. Sati na biyu ka barshi a gaba kana binsa daga nesa kaga me yake yi in ba ido a kansa. Daga nan ka haɗa shi da yaran maƙwabta, a samu ɗan aji biyar ko shida mai hankali a ce masa ga ƙaninka nan amana, ku tafi tare ku dawo tare. 'Ya mace ma haka, rashin ɗan rakiya bai isa dalilin ajiye ta a gida ba.

Titi shine babban tsorona. In hanyarsu ta bi kwalta ya dinga tafiya ta hannun hagu yana fuskantar motar da ke tahowa, in zai tsallaka ya tsaya cak, ya duba hagu, dama, ya sake duba hagu, banda gudu, banda bin bayan wani don kawai ya ga ya tsallaka. Da hunturu kuwa in hazo ya sauka direba baya hango ƙaramin yaro sai ya zo dab da shi, gara ya jira babba ya ce Baba dan Allah tsallakar dani.

Da damina kuma kududdufi, ramukan nan da aka haƙi ƙasar gini suka cika, yara na ganinsu kamar ba zurfi. Ka ja masa kunne sosai, in ruwa ya cinye hanya ya juyo gida ba wanda zai dake shi. Ratse ta cikin gero ma banda shi saboda maciji.

Baƙo ya ce zo in rage maka hanya ko ga alawa, amsa ɗaya ce, a'a na gode, ya matsa cikin 'yan uwansa. Mun ga yaran Kano da aka sace aka gano su a Onitsha a 2019. Yaronka ya haddace sunan babansa da garinsu da lambar waya ɗaya, a dinga bita da daddare kamar karatun allo.

Sannan ka karɓi lambar malamin ajinsu, ka san lokacin tashi. In azahar ta gota bai shigo ba kar a zauna ana cewa yana hanya, a kira malam, wani ya bi sawu.