Fim ɗin da kowa ke yabo bai burge ka ba? Duba waɗannan kafin ka kushe shi

A majalisar mai shayi, a Samaru ko Sabon Gari, ba a rasa mutum ɗaya da zai ce fim ɗin da aka cika gari da zancensa shirme ne. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma sau da yawa abin da ya kalla ba shi darakta ya yi ba, kwafi ne da ya sha wahala a hanya.

Fara da nauyin fayil. Idan ka je wurin masu tura finafinai, tambayi megabayit nawa ne kafin a zuba maka a memori. Fim na awa biyu da aka matse ya koma megabayit 300 ya riga ya rasa rabin kyansa. Nemi mai ingancin hoto 720p, mai kusan gigabayit ɗaya, ko 1080p mai gigabayit biyu in wayarka na da wuri. Matsewar tana fara cin wuraren duhu da wuraren gudu: dare ya zama baƙin tabo mai murabba'ai, faɗa ya dagule har ba ka gane wa ya doki wa. Kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima kuwa, wanda kan mutum ke gilmawa ta gaban allo, goge shi kawai.

Sai tsawo. Duba minti nawa fim ɗin yake a intanet, ka gwada da na hannunka. In an samu giɓin minti 20 ko 30, an yi yanka. Finafinan Indiya sun fi shan wannan, don waƙoƙi ake fara cirewa, alhali a cikin waƙar ne ake nuna soyayya ta ƙullu ko shekaru sun shuɗe. Shi ya sa za ka ga jarumi ya haɗu da yarinya yanzu, jim kaɗan yana neman kashe kansa a kanta, ka ce labarin bai da kan gado.

Fassarar Hausa ma a lura da ita. Tana da daɗinta, ba musu, kuma ta kai finafinai gidajen da ba a jin Indiyanci ko Turanci. Sai dai mai fassara kan danne kiɗan asali don muryarsa ta fito, ya sauya wa 'yan wasa suna, ya cusa barkwanci a inda aka shirya don a yi kuka. In fim na tausayi ya ba ka dariya, nemi na asali mai rubutun fassara a ƙasa, ka sake kallon wurare biyu ko uku.

Sauti: yawancin manyan finafinai an haɗa su da hanyoyin sauti shida, wato 5.1, kuma magana tana bin ta tsakiya ne. Sifikar waya ba ta iya wannan, sai harbi ya cika kunne, magana ta nutse. Sa iyafis. In da manhajar VLC kake kallo, shiga zaɓin sauti ka ɗauki na sitiriyo, wato mai hanyoyi biyu, idan fayil ɗin na da shi.

A talabijin, bar baƙaƙen layukan sama da ƙasa yadda suke. Wanda ya ja hoton ya cika allo ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa, har da mutanen da ke tsaye a gefe. Mayar da yanayin hoto zuwa na sinima, ka kashe abin da ke sulɓanta motsi (LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow). Fim na tafiya ne a kan hoto 24 a sakan ɗaya, shi kuwa wannan ƙari yake yi, sai komai ya koma kamar bidiyon biki. Kashe fitilar ɗaki, kuma cika caji tun da wuri, don fim ɗin da ɗaukewar wuta ta raba shi kwana uku ba ya riƙe mutum.

Akwai kuma waɗanda ba a yi su don waya ba sam. Avatar na 2009 ƙarfinsa yana ga katafaren allo da tabarau na 3D. A waya mai inci shida, labarin ne kaɗai ya rage, kuma labarin ba wani sabo ba ne.

In ka gyara duk wannan bai shige ka ba, to zaƙulo ainihin abin da ya gundure ka: jan labari ne, ko wasan jarumin, ko ƙarshen da ka hango tun minti 15 na farko? Duba shekarar da ya fito kuma. Fim ɗin Indiya Sholay na 1975 ya sha suka a makonnin farko kafin ya zama gagarabadau, kuma an kwaikwaye shi har ba adadi. Matashin da ya kalle shi yau zai iya cewa ya ga irin wannan bos ɗin sau goma, bai san daga nan sauran suka kwasa ba.