Kafin ka ɗora sola a kan shagunanka

Abin da nake fara gaya wa mai plaza shi ne ya zagaya shago-shago ya rubuta ƙarfin kowace na'ura da awannin da take aiki. Firiza da AC da injin ruwa suna zuƙar wuta ninki-ninki lokacin tashi, don haka kada a matse wajen sayen inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola da batir ta zama irin wadda na'urorin shago ke amfani da ita.

Sannan a hau rufi. Kwano mai tsatsa ko katakon da gara ta ci ba zai ɗauki faifan sola masu kilo 20 zuwa 30 kowanne ba. A Kano su fuskanci kudu, nesa da inuwar tankin ruwa, a bar hanyar wanke musu ƙurar hunturu. Batir a ba shi ɗaki mai iska, zafin Afrilu yana rage masa kwana. 'Yan haya kuwa, kowa da mitarsa tun ranar farko.