Tabon ruwa a cikin fitilar kamyo: kurakuran da aka fi yi wajen wanke shi, da gyaransu

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke sauka a Tawa, fitilun manyan motoci da yawa kan yi gumi ta ciki. Damina na wucewa gumin ya bushe, ya bar fararen ɗigo-ɗigo da zane kamar sawun hawaye a bayan gilashin. Ka goge waje har hannunka ya gaji, tabon na nan. Da rana ba ya damun kowa. Amma direban da ke ɗauko albasa daga Galmi ko siminti daga Malbaza, ko mai bin hanyar Abalak zuwa Agadas cikin dare, ya san abin da ake nufi da haske ya warwatse: raƙumi ko amalanken jaki sai ka zo dab da shi kake ganin sa, na gabanka kuma haskenka na kashe masa ido.

Tabon kansa ba babbar cuta ba ce. Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwa, galibi sinadarin farar ƙasa, haɗe da ƙura. Ruwan ya tashi, su suka zauna, irin farin da ke taruwa a gindin butar shayi. Yana fita cikin sauƙi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, fitilu da yawa da ake jefarwa a garaji ba tabo ne ya kashe su ba, hannun mai wanki ne.

Kuskure mafi tsada shi ne zura tsumma a jikin sanda ko waya ta ramin ampul ana gurzawa. A cikin fitila akwai madubin nan mai ƙyalli da ke tattara haske ya tura shi gaba. Mutane na ɗauka ƙarfe ne goge, alhali ƙyallin wani shafe ne na alminiyom da aka fesa, wanda bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa. Shafa ɗaya da tsumma ta isa ta kwashe shi, sai ka ga wurin ya yi baƙi ko rawaya, kuma ba man da zai dawo da shi. Cikin gilashin ma haka yake. Tsofaffin kamyo irin su Barliye da Marsandi gilashin gaske ne a gaban fitilunsu, suna jure wahala. Motocin yanzu kuwa, da Hilux da sauran ƙananan motocin ɗaukar kaya, roba ce mai ƙarfi da ake kira polikarbonat. Ta waje an shafa mata kariya daga rana da ƙarcewa, ta ciki kuwa taushi ne da ita, ƙwayar rairayi ɗaya a jikin tsumma sai ta ja mata layi. Ƙa'idar da zan ba kowane yaron gareji ita ce: madubin ciki ruwa kaɗai ke taɓa shi, ban da hannu, ban da ƙyalle, ban da auduga.

Daga nan sai ruwan da ake zubawa. Wani zai ciro fitila ya ɗauraye ta da ruwan pampo ko na rijiya, ta yi tas tana jiƙe, ta bushe da tabon da ya fi na da. Dalili a fili yake, ruwan da ya zuba yana ɗauke da gishirin da yake so ya cire. Ruwan leda na sha ma bai tsira ba. Abin da ake buƙata shi ne tataccen ruwa wanda ake ƙara wa batir, ana samun sa a shagunan kayan mota da gidajen mai. A nan sai an buɗe ido: ruwan batir iri biyu ne, akwai tatacce, akwai mai asid da ake cika sabon batir da shi. Karanta jikin gorar kafin ka biya, kada ka aiki yaro ya ce a ba shi "ruwan batir" kawai. Mai asid zai cinye madubin, ya ƙona hannu.

Fetur, gazuwal, diliyan na masu fenti da asetan duk su yi nesa da fitila. Suna sa robar ta yi hazo ko ta tsattsage da ƙananan tsagu da ba sa gyaruwa. Maganin goge gilashi mai warin amoniya shi ma yana cutar da ita. Omo kuwa yana barin farin gari a lunguna.

Ga yadda aikin ke tafiya idan an yi shi daidai. A kashe mota, a cire kan batir, a bar fitila ta huce. A kwance ta gaba ɗaya daga jikin motar, a cire ampul duka da murfin baya. A zuba tataccen ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na cikinta da ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka, a toshe ramukan da leda mai tsabta, a jujjuya a hankali na ƴan mintoci, a zubar. Sai ɗauraya da tataccen ruwa, sau uku ko fiye, har kumfa ya ƙare sarai. Idan farin ya kafe ya ƙi fita, a gauraya farin binegar kaɗan da tataccen ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, a kifa fitilar fuskarta ƙasa yadda ruwan zai kwanta a kan gilashin kawai, ba a kan madubi ba. Minti biyar ya isa, a zubar a ɗauraye sosai. Wasu kan rufe da ɗan alkol marar launi don ya kwashe sauran ruwa, ba laifi idan kaɗan ne kuma an zubar nan take, amma kada ya kwana a ciki, musamman a tsohuwar robar da ta fara tsagewa.

Wannan wankin na fitila ce mai ampul ɗin halojen, wato ampul na yau da kullum mai ciruwa, irin mai lambar H4 ko H7. Wadda ke da LED a haɗe, ko akwatin wutar zenon (wani irin ampul mai gas da ke ba da farin haske), ko ɗan injin daidaita haske da ba ya ciruwa, ba a zuba mata ruwa. Zenon ma yana tashi ne da wuta ta sama da bolt 20,000, ba abin da za a taɓa da batir a haɗe ba ne. Irin waɗannan, idan tabon a kan gilashi yake kawai, akwai dabarar maganaɗisu: a naɗe ƙarami cikin ƙyalle mai laushi sabo, a ɗaura masa zare, a jiƙa shi da tataccen ruwa a zura ta ramin ampul, a ja shi daga waje da wani maganaɗisun da shi ma aka naɗe. Aikin haƙuri ne, kuma a kiyaye kada ya faɗa kan madubi.

Shanya ita ce inda gaggawa ke ɓata aikin da aka yi da kyau. Mota na jiran lodi, maigida na kira, yaro ya ce "Patron, ta bushe," a mayar da fitila da sauran laima a lungunanta. Daren farko ampul ya yi zafi, ruwan ya tashi, gumi ya dawo. A ba ta yini guda aƙalla, ramukan na kallon ƙasa, a ɗaki mai iska. Zafin Tawa na taimakawa, amma lokacin hunturu fitilar da aka bari a buɗe a fili ƙura za ta cika ta kafin la'asar, don haka a rufe ramukan da ƙyalle mai shara-shara. Na'urar busar da gashi tana aiki idan an sa ta a ɗumi kaɗan daga nesa. Iskar mai faci kuwa a'a, domin tankinsa na tara ruwa da mai, su zai fesa maka a ciki. Kusa da garwashi ko wutar walda, wannan ba ma a maganarsa.

Duk wannan wahalar banza ce idan ba a gano ta inda ruwa ke shiga ba, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Sau da yawa murfin roba na baya ne ya ɓace ko aka mayar da shi a karkace bayan canjin ampul, ko an huda shi don a shigar da wayar sabon LED. Wani lokaci danƙon da ya haɗa gilashi da jikin fitila ne rana ta busar, ko tsakuwa ta yi ɗan tsagu a gefe. Lokacin da ruwan wanki ke ciki, a jujjuya fitilar a duba inda yake tsattsafowa, a yi wa wurin alama, bayan ta bushe a liƙe shi da danƙon fitila. Wurin lawaj ma na da nasa laifin: feshin ruwa mai ƙarfi a kan fitila mai zafi, ko ta bayanta, yana tura ruwa ciki.

Sai dai kada neman toshe ɓaraka ya kai ka ga shafe ko'ina da silikon. A bayan kowace fitila akwai ƴan ƙofofin shan iska, wasu da lanƙwasasshen bututun roba mai kallon ƙasa. Da gangan aka yi su, domin iskar ciki na kumbura idan ta yi zafi, ta tsuke idan ta huce. Wanda ya toshe su ya kulle laima a ciki har abada. Abin da suke so shi ne a zare taɓo da gidan zanzaro da ke toshe su. Ɗan gumi da ke bayyana da sassafe bayan ruwan sama, ya ɓace idan an kunna fitila na ɗan lokaci, ba ɓaraka ba ce, kada a kwance komai saboda shi. Ruwan da ya taru yana kwance a ƙasa, shi ne alamar matsala. Huda ƙasan fitila da ƙusa don ruwa ya fita kuwa hanya ce ta gayyato ƙura.

Buɗe fitila gida biyu shi ne mataki na ƙarshe. Wani danƙon yana laushi da ɗumi, wani ba ya yi ko kaɗan, mai ɓamɓara da sukundireba kuma yakan karya ƴan kunnuwan da ke riƙe gilashin. A bar wa wanda ya saba, a tabbata yana da sabon danƙo kafin ya fara.

Wajen mayarwa, a riƙe ampul ta gindinsa, domin maiƙon yatsa a kan gilashin halojen yana rage masa kwana. A duba ƙarfin wutarsa, manyan kamyo bolt 24 suke amfani da shi, ƙananan motoci bolt 12. Kada a sa mai wat 100 inda aka rubuta 70 ko 75 don neman ƙarin haske, zafinsa na ƙona madubi da soket. Daga nan a tsayar da motar a fili mai daidai gaban bango, da dare, a kunna ƙaramin haske a daidaita fitilun biyu su sauka a layi ɗaya, ƙasa kaɗan da tsayin fitilar, kafin a kama hanyar Ƙonni.