Affect ko Effect: Yadda Nake Raba Su da Ma'aunin Hausa

Ƙanwata ce ta turo min babin farko na aikin bincikenta na kammala karatu, ta ce, "Yaya, don Allah ka duba min Turancin kafin in kai wa malaminmu." Tun a kan take na ci birki. Ta rubuta "The Affect of Poor Sleep on Students' Performance". Da na shiga cikin babin sai na tarar abin ya juye: duk inda ake neman affect, effect ta zuba. Na kira ta a waya na ce ta karanta min jimlolin da baki. Ta karanta tiryan-tiryan, kuma babu mai sauraron da zai ji kuskure a bakinta. A kan takarda kaɗai matsalar take.

Ba laifin kunnenta ba ne. A kalmomin nan biyu, nauyin furuci yana kan gaɓa ta biyu, wato "fekt". Wasalin farko kuwa haɗiye shi ake yi, ya fito ɗan gajeren sauti da ba za ka ce "a" ba ne, ba kuma za ka ce "e" ba ne. Idan magana ta yi sauri, kusan abu ɗaya kunne yake ji. Shi ya sa su kansu 'yan asalin harshen, a Ingila da Amurka, suna cakuɗa su a rubutu. Don haka matakin farko shi ne ka daina tambayar kunnenka, ba shi da amsar da zai ba ka.

Mu da muke karanta Hausar boko ai mun saba da irin wannan aikin, sai dai namu a juye yake. Kuka na hawaye da kuka ta bishiya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su, shi kuma ba a rubuta shi. Amma idan ka ga "an yi fari bana", ba ka tsayawa tunanin ko launi ake nufi, mazaunin kalmar a cikin jimla ya riga ya gaya maka. To haka za ka yi da waɗannan biyun. Kalli aikin da kalmar take yi a wurin, sannan ka zaɓi harafin farko.

A mafi yawan rubutun da za ka yi a rayuwarka, affect aikatau ne, effect kuma suna ne. Masu koyar da Turanci suna da wata dabarar tunawa, kalmar RAVEN, sunan wani nau'in hankaka, wadda haruffanta suke tsaye a madadin "Remember, Affect Verb, Effect Noun". Tana aiki, amma ni na fi son tamu ta gida: affect da "a" ta fara, aikatau ma da "a" ya fara. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya rage rabin wahalarsa.

Ma'aunin da na ba ƙanwata shi ne ta mayar da jimlar Hausa a zuciyarta kafin ta rubuta. Idan kalmar da ta zo bakinta "shafa" ce, to affect ake nema. Idan "tasiri" ne, ko "sakamako", ko "illa", to effect ne. "Rashin barci yana shafar karatu" shi ne "Poor sleep affects learning". "Tasirin rashin barci a kan karatu" kuma shi ne "the effect of poor sleep on learning". Ka ga taken aikinta ya warware kansa, tasiri take nufi, don haka "The Effect of" ya kamata ta rubuta.

Maƙwabtan kalmar ma suna tona ta. A Hausa, "shafa" tana tafiya da ya, ta, za, yana: ya shafi yara, za ta shafe mu, yana shafar lafiya. "Tasiri" kuwa yana tafiya da wani, babban, mummunan: wani tasiri, babban tasiri. Turanci ma haka. Idan abin da ya zo kafin gurbin kalmar will ne, ko can, ko may, ko does not, aikatau ke zuwa, sai ka sa affect. Idan an ne, ko the, ko no, ko wata sifa irin big, bad, lasting, suna ke zuwa, sai ka sa effect. Idan kuma of ko on ne ya biyo bayan gurbin kai tsaye, nan ma effect ne.

Yanzu ga ramin da na ga ya fi cin mai tunani da Hausa, kuma a nan ƙanwata ta fi faɗawa. Harshenmu yana son ɗaukar suna ya haɗa shi da "yi" ya mayar da shi aiki: yi magana, yi barci, yi tasiri. To mutum ya riga ya haddace cewa tasiri shi ne effect. Sai ya zo faɗin "abin ya yi tasiri a kaina", hannunsa ya rubuta "it effected me". Kuskure ne. Turanci yana da nasa "yi" ɗin a wannan wuri, shi ne have, kuma dole sai ka kawo shi: "it had an effect on me". Hanyoyi biyu ne ke nan, kowace da kayanta:

Ya shafe ni: "It affected me."
Ya yi tasiri a kaina: "It had an effect on me."

Lura da "on". Tana cikin ta biyu, babu ita a ta farko. Ina yawan cin karo da "it affected on me", wanda haɗa kan wannan da ƙafar wancan ne. Hausa ma ba ta yarda da shi ba, babu mai cewa "ya shafi a kaina". Shafa kai tsaye take faɗa wa abin da ta shafa, affect ma haka.

Bayan mako biyu ƙanwata ta sake kira, da alama ta samo abin da za ta ƙure ni da shi. Malaminta ya rubuta da jan biro a saman shafi: "Please effect the corrections." Ta ce, "Yaya, ba kai ka ce effect suna ne ba? To malam ne ya yi kuskure ke nan?" Na ce a'a, malam daidai yake. Wannan shi ne wurin da ya kamata a zauna a kai sosai, domin a nan ne harafi ɗaya yake juya ma'anar jimla gaba ɗaya.

Effect tana iya zama aikatau, amma ma'anarta a lokacin ba "shafa" ba ce. Ma'anarta aiwatarwa, ko kawowa, ko sa abu ya tabbata. Asalin kalmomin yana taimakawa a nan. Dukansu daga Latin suka fito, daga tushe ɗaya, facere, wato "yi". Affect ta ɗauki ad a gaba, mai nufin "zuwa ga", ta zama afficere: yi wa abu wani abu. Effect ta ɗauki ex, mai nufin "fita", ta zama efficere: yin abu har ya fito, ya kammala. Saboda haka abin da za a yi wa affect yana nan tun da farko, ka zo ne ka taɓa shi. Abin da za a yi wa effect kuwa babu shi, kai ne ka samar da shi.

Dubi waɗannan biyun da kyau. "The drug affected her recovery." Maganin ya shafi samun sauƙinta, wato tana kan hanyar warkewa, maganin ya taɓa tafiyar, wataƙila ya jinkirta ta, wataƙila ya hanzarta. "The drug effected her recovery." Maganin ne ya kawo warakar. A jimla ta farko ana iya zargin maganin, a ta biyu yaba masa ake yi. Haka "the new director effected changes" na nufin sabon daraktan ya kawo sauye-sauye, alhali "affected the changes" na nufin sauye-sauyen suna nan, shi dai ya yi tasiri a kansu. To da malam ya ce "effect the corrections", cewa yake a aiwatar da gyare-gyaren. Ma'aunin Hausar bai karye ba, kalma ta uku kawai aka ƙara masa: shafa, tasiri, aiwatar.

Shawarata a nan ita ce ka san wannan amfanin don ka gane shi idan ka gan shi, musamman a wasiƙun ofis da takardun shari'a, inda za ka ga "effect payment" ko "effect a transfer". Amma a naka rubutun na yau da kullum, "carry out" ko "bring about" ko ma "make" sun wadatar, kuma ba za su sa mai karatu ya tsaya yana zargin ka yi tuntuɓen harafi ba.

Akwai kuma wasu jeren kalmomi da ba sa bukatar wani awo, a dunƙule ake haddace su, kuma dukansu da "e" suke. "With effect from" shi ne "daga ranar kaza", wanda ake gani a takardar ɗaukar aiki ko ƙarin girma. "With immediate effect", nan take. "Take effect" da "come into effect", fara aiki, kamar doka ko magani. "Side effects", illolin da magani kan haifar bayan aikin da aka sha shi dominsa. "In effect", a zahirin gaskiya. "Personal effects" ita ce ta fi ba mutane mamaki, domin kayan mutum take nufi, agogo da jaka da makamantansu. Sunayen abubuwan kimiyya ma duk haka suke: "greenhouse effect" da ake ambata a maganar ɗumamar yanayi, da "Doppler effect", wanda masanin nan ɗan Ostiriya Christian Doppler ya bayyana a 1842, wato abin da ke sa jiniyar mota ta sauya amo idan ta zo ta wuce ka. Ban taɓa ganin inda ɗaya daga cikinsu ya karɓi "a" ba.

Affect ma tana da nata ɓoyayyun fuskokin guda biyu, amma ba kullum ake haɗuwa da su ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suna amfani da ita a matsayin suna, da ma'anar yanayin zuciya kamar yadda yake bayyana a fuska da murya. "Flat affect" shi ne mutum ya kasance fuskarsa ba ta nuna murna ko baƙin ciki. A wannan ma'anar nauyin furucin yana komawa gaɓar farko. Sannan akwai affect ta ƙaƙale: "he affected a British accent", ya ƙaƙalo karin harshen Ingila alhali ba nasa ba ne. Ɗaliban fannin koyarwa kuma su yi hattara da effective da affective. Ta farko ita ce "mai aiki, mai tasiri", wadda kowa ke bukata kullum. Ta biyu ta shafi zuciya da ɗabi'a, ita ce ke cikin "affective domain" na rabe-raben manufofin koyarwa da ake dangantawa da masanin ilimi Benjamin Bloom, wanda kashinsa na farko ya fito a 1956. Idan ba wannan kake nufi ba, effective kake so.

Wani abu da ya dame ni a babin ƙanwata, ko bayan an gyara haruffan, shi ne yawan jingina da affect ɗin kanta. Kalma ce da ba ta faɗin alkibla. Idan ka ce abu ya shafi sakamakon jarrabawa, ya ɗaga shi ne ko ya saukar? Mai karatu yakan ɗauka mummunan abu ne, kamar yadda idan muka ji "waɗanda abin ya shafa" a labarai zuciyarmu take tafiya ga ambaliya ko gobara, haka "the affected areas" take a Turanci. Amma zato ne kawai yake yi. Idan ka san alkiblar, faɗe ta. "Poor sleep lowers test scores" ta fi "poor sleep affects test scores" ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ta ɗauki matsaya. Reduce, improve, delay, damage, kowace ta fi affect bayani a inda ta dace. Na fi son in ga ɗalibi ya rubuta abin da ya gano ƙarara da ya ɓuya a bayan kalmar da ba ta cewa komai.

Abu na ƙarshe aikin hannu ne, kuma ina yin sa a kan duk takardar da za ta fita daga wurina. Kada ka dogara da jan layin da kwamfuta take ja a ƙarƙashin kalmar da aka rubuta ba daidai ba, domin affect da effect duka kalmomi ne na gaskiya, sau da yawa sai ta bar su su wuce. Idan ka gama rubutu, danna Ctrl da F, ka rubuta "ffect" ba tare da harafin farko ba. Zai zaƙulo maka su duka, har da affected da effects da effective. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowanne ka tambayi kanka da Hausa: shafa nake nufi, ko tasiri, ko aiwatarwa?

Haka muka yi da ƙanwata a waya, tana karanto jimla ina jiran ta faɗi Hausarta. "Noise can ... concentration." Ta ce hayaniya na iya shafar natsuwa, affect. "The ... was small." Tasirin kaɗan ne, effect. Da muka iso "The school hopes to ... a change in sleeping habits", sai ta yi shiru na ɗan lokaci, domin ta ga "to" a gaba, kuma ta san aikatau ke zuwa. Can ta ce, "Yaya, canjin ai babu shi tukuna, so suke su kawo shi." Ta sa "e", muka wuce babi na biyu.