Yadda ake duba gidan da aka gyara a Kiribi kafin a saya

Tun da tashar jiragen ruwa ta Kiribi ta fara aiki a shekarar 2018, 'yan kasuwarmu na Garwa da Marwa da Ngaundere suka mayar da hankali kan wannan gari na bakin teku a kudancin Kamaru, kuma dillalai sun gane hakan, domin kullum sai ka ga hoton gida mai ɗakuna huɗu da sabon fenti yana yawo a wayoyin mutane. Kuskuren da mutumin arewa yake yi shi ne ya duba irin wannan gida da idon da yake duba gida a Garwa, alhali ruwan saman da Kiribi take samu a shekara ya kusan ninka namu sau uku, ga kuma iskar teku mai gishiri da take cin ƙarfe dare da rana.

Saboda haka ka je da ƙafarka, kuma ka zaɓi watan Satumba ko Oktoba, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Idan ka shiga, ka ɗora tafin hannunka a gindin bango, wajen taku ɗaya daga ƙasa. In ka ji sanyi, ko ka ga fenti ya kumbura yana fitar da farin gari kamar kanwa, to danshi ne yake hawowa daga tushe, kuma fentin jiya ba zai hana shi dawowa ba. Ka ƙwanƙwasa ginshiƙai da ɗan ƙarfe: inda ka ji sauti kamar na ƙwarya, sau da yawa rodin ciki ne ya yi tsatsa ya kumbura har ya raba siminti da jikinsa. Wannan shi ne ciwon da ya fi tsada a gidan bakin teku, kuma shi ne wanda mai gyara don sayarwa ya fi son rufewa da yaɓe. Ka tafi da maginin da kai za ka biya, ya hau cikin silin da tocila, ya duba kwano ta ciki da kawunan ƙusoshi, ya caka wuƙa a katakon rufi don ya gane ko gara ta riga ka shiga. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya bayan an ɗauke, ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, domin ruwan ƙasa a can yana kusa.

Ni a ganina takarda ta fi gini muhimmanci. Tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, takardar mallaka da ake kira titir fonsiye ita ce shaidar da hukumar Kamaru ta sani, kuma cinikin fili mai wannan takarda ba ya inganta sai an ƙulla shi a gaban notar, wato jami'in da hukuma ta ba ikon tabbatar da takardun yarjejeniya. Rubutun da aka yi a zaure da shaidu biyu, komai mutuncinsu, ba ya tsayawa a madadinta. Ka karɓi lambar takardar, ka je ofishin ajiyar takardun filaye na Kiribi ka nemi sabuwar shaidar mallaka, a nan za ka ga sunan mai gidan na gaskiya da kuma ko an jinginar da shi a banki. Idan gidan gado ne, kamar yadda gidajen iyali da yawa suke, ka nemi hukuncin kotu da ya tabbatar da magada, kuma kowannensu ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce.

Akwai abu ɗaya da ba mu saba da shi ba a arewa: mita 50 daga iyakar da ruwan teku yake kaiwa idan ya cika, filin gwamnati ne wanda ba a sayarwa. In dillali ya yi ta yabon kusancin gidan da ruwa, ka sa mai awon fili ya auna, ya kuma nuna maka duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya. Kafin alƙalami da sauran kuɗin duka su bi ta hannun notar, a kuma rubuta la'adar dillali tun kafin a fara magana kan farashi.