Yadda Ake Sanin Halin Sabon Doki Kafin a Ɗora Masa Sirdi

Yawancin masu sayen doki ido suke bi: launi, tsayi, faɗin ƙirji, da yadda yaron dillali ya hau ya yi sukuwa ya ja zamiya ƙura ta tashi. Je ka Maigatari ranar Alhamis ka gani. Amma dokin da ke tsakiyar hayaniyar kasuwa, ga gajiyar hanya ga baƙin dawaki kewaye da shi, ba shi ne wanda za ka zauna da shi a gida ba. Tsofaffin barga kan danganta hali da launin doki, su ce akawal halinsa kaza, kili halinsa kaza. Ina girmama su, amma ni na ga bidi mai sanyi kamar tunkiya, na ga bidi mai cizo. A turke ake gane doki, kuma aikin mako guda ne.

Kwana biyun farko: ka ƙyale shi

Ɗaure shi a inuwa, inda zai hango sauran dabbobi amma ba zai kai gare su ba. Kada ya haɗa mazubin ruwa da dawakinka har mako biyu ko uku, saboda majina da tari da akan kwaso a kasuwa. Doki dabbar garke ce, kaɗaici yana damunsa. In ba ka da wani dokin, ko rago ko akuya a kusa ya isa ya kwantar masa da hankali. Ka hana yara da 'yan kallo taruwa a kansa. Abincin da ya saba da shi a wurin mai shi na dā, shi za ka ci gaba da ba shi, sannan ka sauya a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma.

Ka zauna ka kalli cinsa

Nan ne rabin aikin yake. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girmansa, shi ya sa in aka sake shi a makiyaya yakan shafe wajen awa 16 a rana yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Saboda haka harawa ko ingirici ake fara zuba masa, hatsi da dusa su biyo baya, a raba su sau biyu ko uku, ba a jibge masa lokaci guda ba.

Ɗauko kujera ka zauna nesa kaɗan. Wani doki da ya ji motsin kwano sai ya yi ƙaramar haniniya ya jira. Wani ya dinga tonon ƙasa da kofato. Wani kuwa ya kwantar da kunnuwa ya juyo maka da ɗuwawu, wannan mai rowar abinci ne, kada ka aiki yaro ya ba shi. In ka ga gero na zubowa daga bakinsa ko yana tofar da dunƙulen harawa, ba wasa yake ba, haƙoransa ne ke bukatar a duba.

Ka auna ruwan da yake sha. Lita 25 zuwa 40 a rana ba abin mamaki ba ne, da bazara ma ya wuce haka. Ka kuma ƙirga kashinsa da safe kafin a share. Lafiyayyen doki yakan yi kamar sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. Mutane kan yi mini dariya kan wannan ƙirgar, amma ranar da kashin ya ragu, ni ne na farkon sanin akwai matsala.

Ka koyi maganar kunnensa

Kunnuwa biyu a gaba, hankalinsa na kan abin da ke gabansa. Ɗaya gaba ɗaya baya, yana saurarenka. Duka biyun a manne da wuya, ka ja da baya. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa, ban da daidai bayan jelarsa da daidai gaban goshinsa. Yawancin harbin da doki ke yi wa mutane daga nan yake: an ɓullo masa ta inda ba ya gani. Ka riƙa zuwa ta kafaɗarsa ta hagu, kana magana ko fito, har ya san muryarka.

Ka leƙa shi da dare

Doki yana gyangyaɗi a tsaye, ya saki ƙafar baya ɗaya, leɓensa na ƙasa ya yi laɓo-laɓo. Amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma ba ya kwanciya inda bai yarda da wurin ba. Daren da ka haska fitila ka tarar da shi a kwance, ko ka ga ƙasa a gefen jikinsa da asuba, ya fara ɗaukar gidanka gida. Ka tabbata igiyar turken ta kai ya kwanta ya tashi ba tare da ta sarƙe shi ba.

Birgima kuwa iri biyu ce, kuma dole ka bambance su. Ta jin daɗi, zai zaɓi wuri mai yashi, ya juya sau ɗaya ko biyu, ya miƙe ya girgije ƙurar. Ta ciwon ciki, zai kwanta ya tashi ya sake kwanciya, yana waiwayen cikinsa, yana gumi, ya ƙi abinci, in ya miƙe ma sau da yawa ba ya girgijewa. Wannan ba ta jiran gobe: ɗauke abincin ka kira likitan dabbobi.

Kwana na huɗu: sa masa hannu

Fara daga wuya da geza, ka bi gadon baya, ka sauko inda majanyi, wato ɗamarar sirdi, ke kamawa, sannan ƙafafu, ka ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya zabura ko fatarsa ta yi rawa, tsaya ka duba. Na taɓa sayen wani da aka ce mini mai tutsu ne, aka rage mini kuɗi saboda haka. Ashe gyambo ne sirdi ya yi masa a ƙarƙashin gashi. Da ya warke, ƙanena ɗan shekara goma sha biyu ke hawansa. Duba kuma gefen bakinsa da harshensa, don linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, kuma mai mugun hannu kan bar wa doki tabon da zai sa ya ƙi buɗe baki ga kowa.

Kwana na biyar da na shida: ja shi da ragama

A ƙasa za ka fita da shi, ba a kansa ba. Ku wuce babur, a-daidaita-sahu, leda mai tashi a iska, kwata. Doki in ya tsorata gudu yake fara tunani, saɓanin jaki da ke kafewa wuri ɗaya har a ce taurin kai ne. Abin lura ba firgitar ba ce, kowane doki na firgita. Ka lura da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce. Wanda ya zabura, ya tsaya, ya miƙa wuya ya sansana abin, wannan zai koyu. Wanda har kuka dawo gida yana huci yana gumi, kada ka yi gaggawar kai shi hawan sallah, inda ga tambura da algaita ga 'yan bindiga. Sai ka saba masa da ƙara daga nesa, makonni kafin ranar. Bulala a nan ƙara masa tsoro kawai take yi.

Ranar bakwai, da sanyin safiya, ɗora zubuka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, sannan sirdi, ka ja majanyi kaɗan, ka zaga da shi, ka ƙara ja. Wani ya riƙe maka ragama ka hau, ku yi 'yar gajeriyar kilisa a hanyar da ya riga ya sani, ba kaimi ba sukuwa. Da kun dawo ka sauke sirdin ka shafa bayansa: in ka ji wuri ya yi zafi ko ya kumbura, ko ka ga busasshen wuri a tsakiyar gumi, sirdin na danne shi a nan, a kai wa baduku ya gyara kafin hawa na biyu.